Ɗana Yana Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara, In Hana Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni uwa ce, ina zaune a unguwar Jahun cikin garin Bauchi. Babban ɗana ya samu tallafin karatu, ya tafi ƙasar Norwe tun watan Agusta. Makon jiya ya turo wa ƙannensa bidiyo ta WhatsApp, sai ga shi a tsakiyar daji, ko'ina fari fat, ya ɗaura wasu dogayen katakai a ƙafa, ga sanduna biyu a hannu. A kan idona ya faɗi har sau biyu, abokansa suna ta dariya. Yaron nan ko a hunturun Bauchi sai an ɗora masa ruwan wanka, mura ba ta barin sa. Na taɓa gani a talabijin yadda Turawa ke gangarowa daga kan dutse kamar an harba kibiya. Karatu muka tura shi, ba neman karaya ba. Mahaifinsa ya ce in ƙyale shi, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. An ce ka zauna a can. In hana shi?

*Hajiya, daga Jahun, Bauchi*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ki yi haƙuri, a wannan karon bayan Alhaji zan bi. Kada ki hana shi. Hunturu uku na yi a birnin Trondheim, kuma da a lokacin mahaifiyata ta ga irin wannan bidiyo, na tabbata wasiƙarta da taki ba za su bambanta ba.

Wasanni biyu ne kika haɗa wuri ɗaya. Wanda kika gani a talabijin takalminsa mai tauri ne kamar an zuba wa ƙafa siminti, ana ɗaure shi gaba da baya a jikin katakon, a ɗauki mutum a wata kujera mai bin waya zuwa saman dutse, sannan ya sako kansa. A nan ake yawan jin karaya da gocewar gwiwa. Na yaronki kuwa, yadda kika siffanta shi, shi ne mutanen Norwe ke kira langrenn, tafiya ce kawai a cikin daji da fili. Katakon siriri ne, faɗinsa kamar yatsu uku, tsawonsa ya ɗara tsayin mutum, ba nauyi. Kan takalmin kaɗai ake maƙalawa, dunduniya a sake take, tana ɗagawa kamar ta mai tafiya da silifas. Sandunan na tunkuɗa jiki gaba ne, kamar yadda mai kwalekwale ke tokara gora a ƙasan kogi. Ita kanta kalmar ski, wato sunan waɗannan katakai, tasu ce tun kaka da kakanni, asalin ma'anarta tsagin itace. Kafin abin ya zama wasa, da shi manomi ke zuwa gidan maƙwabci, maharbi ya bi sawun dabba, domin idan dusar ta kai gwiwa mai tafiya da ƙafa nitsewa yake yi. Ba kuma cikin ƙungurmin daji ake kutsawa ba. Wata mota mai kama da katafila ke bi ta daddanne hanyar, ta bar kwari biyu a jere kamar sawun amalanke bayan ruwan sama, a cikinsu ake sa katakan su riƙe mutum. Hanyoyin da ke kusa da gari har fitilu ake kunna musu, kuma ba a biyan ko sisi.

Bari in ba ki labarin ranata ta farko, tunda faɗuwa ce ta tayar miki da hankali.

Wani dattijo ne da muke aiki tare a ɗakin gwaje-gwaje ya matsa mini, wata Lahadi a watan Janairu. Muka hau ɗan jirgin nan na cikin gari da ke hawa tudu zuwa Lian, bakin dajin Bymarka. Ni kuwa na yi shirin yaƙi: singileti, riguna biyu na auduga, suwaita, wandon jins, sai wata ƙatuwar rigar sanyi da na saya a gwanjo a kasuwar Wunti kafin in taso. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, bai ce uffan ba, halinsu ne. Shi kuwa 'yar rigar ulu ce a jikinsa da wata shara-shara ta tare iska, har na ji tausayinsa. Kafin minti ashirin na jiƙe sharkaf da gumi kamar mai noman rani a watan Afrilu. Faɗuwa kuwa na daina ƙirgawa bayan ta goma. Ba ta da zafi, kamar ka faɗa kan tulin auduga ne, tashin ne aiki, don katakan sai su harɗe kamar almakashi. Ina kwance wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ta wuce ni sumul, ta waigo ta kalle ni, kallon da har gobe ban manta ba. Da muka kai wani ɗan tudu na ce ba zan iya ba, na cire katakan na rungume, na kama tafiya da ƙafa a cikin kwarin nan biyu. Ashe babban laifi na yi. Wata tsohuwa ta tsaya ta wanke ni tas da harshensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fahimci komai. Taka musu wannan sawu daidai yake da ka bi ta kan kunyar gyaɗar mutum da takalmi.

Wahalar gaske sai da muka tsaya shan shayi ta zo. Minti biyar da zama, gumin nan ya huce a jikina, haƙorana suka kama kaɗawa, kofin ma ya gagare ni riƙewa. Nan ne dattijon ya buɗe baki. Ya ce auduga shan ruwa take yi ta riƙe, ta manne a fata, ulu kuwa ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Ya ce mai wannan tafiya da ɗan sanyi-sanyi a jikinsa yake barin gida, domin jiki zai hura wutarsa a hanya, babbar rigar kuma a jaka take zama sai an tsaya hutawa. Ya ciro busasshiyar rigar ulu daga jakarsa ya ba ni, na tuɓe na sauya a tsakiyar daji. Suna da karin maganar da ke cewa babu mummunan yanayi sai dai mummunar sutura. Ni dai ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, ƙasar da aka taɓa auna sanyin digiri 51 ƙasa da sifili a garin Karasjok a shekarar 1886 ai tana da mummunan yanayi. Amma a kan auduga sun yi gaskiya.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ki ƙyale shi. Hajiya, abin da ya fi cin yaranmu a can duhu ne da kaɗaici. A Trondheim, ƙarshen Disamba, sai wajen ƙarfe goma rana ke leƙowa, wajen biyu da rabi ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba a jere suke zuwa, kusan da alwala ɗaya za ka sallace su. Can arewa, a Tromsø, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba a ganin ƙwayar rana sam. Watanni biyun farko na hunturuna a ɗaki na yi su: daga aji sai gado, barci ba ya isa ta, karatu ba ya shiga, ko kiran gida na daina ɗauka don kada a ji muryata. Mu da muka saba da zaman majalisa a ƙofar gida da gaisuwar da ba ta ƙarewa, sai ga ka cikin mutanen da za ku shekara kuna hawa bas ɗaya ba wanda ya ce maka sannu. Abin mamaki, mutumin nan da ya ɗauke kai a bas, in kuka haɗu a kan hanyar dusar ƙanƙara shi zai fara gaishe ka. Majalisarsu a daji take. Duk abokan da na yi a ƙasar nan, ban da 'yan'uwa na masallaci, a can na same su. Saboda haka dariyar da kika ji a bidiyon, ni daɗi ta yi mini: yaro ya yi wata biyar kacal har ya samu waɗanda za su fitar da shi ranar hutu.

Ban ce babu haɗari ba. In kin kira shi, ga abin da za ki ja masa kunne a kai. Ya tsaya a hanyoyin da aka gyara kusa da gari, kada zumuɗi ya kai shi kan tsaunuka shi kaɗai, can ne iska ke tashi a rasa gabas da yamma. Kada ya hau kan tafkin da ya daskare sai inda 'yan gari suka tabbatar masa. In sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, ko gasar ƙwararru dakatar da ita ake yi, balle ɗan Jahun. Ya riƙa lura da hanci da kumatu da kunne: in wuri ya yi fari ya mutu, ba ya jin taɓi, sanyi ya fara cin naman ke nan, ya rufe da tafin hannu mai ɗumi ya nemi ɗaki, kada ya murza. Man kaɗanya yana maganin fashewar leɓe, amma ba ya tare wannan, sai hula da mayafin wuya. Waya a aljihun ciki ake sa ta, don sanyi na shanye batir, lambar motar asibiti kuma 113 ce. Cikin ƙa'idojin shiga tsauni da ake koya wa kowane yaro a ƙasar akwai wadda ta ce ka juya da wuri, juyawa ba abin kunya ba ne. Sannan ya tambayi likita batun sinadarin bitamin D, domin baƙar fata ba ta samun isasshe daga wannan 'yar ranar tasu.

Kada kuma ya ce ki turo kuɗin kaya. Akwai wuraren da ake kira BUA a garuruwa da dama, aron kayan wasanni suke bayarwa kyauta, gwanjo kuma a can ma akwai shi. Ya nemi katakon da aka manna wa ɗan ƙyalle mai gashi a tsakiyar cikinsa, shi ba ya buƙatar shafe-shafe. Ɗaya irin sai an goga masa wani kaki a daidai ƙarƙashin ƙafa don ya kama ƙasa lokacin tunkuɗawa, kuma kowane yanayi da launinsa: kore na tsananin sanyi, shuɗi na matsakaici, ja na ranar da dusar ta fara narkewa. Ka sa wanda bai dace ba, ko dai ka yi ta sulɓewa baya, ko dusar ta dunƙule a ƙasan katakon ka koma kamar mai tafiya a laka. Na ga dattawa suna musu a kan wannan kaki kamar yadda namu ke musu a kan irin masara.

In ya daɗe zai ba ki labarin tseren Birkebeiner, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, wanda ake yi tun 1932. Kowa sai ya goya jaka mai nauyin aƙalla kilo uku da rabi, don tunawa da jaririn ɗan sarki, Haakon, da mayaƙa biyu suka tsallaka tsauni da shi a 1206 don kada abokan gaba su kashe shi. Guzurin mutanen Norwe na gado a irin wannan fita kuwa lemon zaƙi ne da cakulan Kvikk Lunsj. Ni filas nake cikawa da shayi mai citta da kanumfari, har dattijon nan ya koma ba ya zuwa da nasa. Citta da kanumfarin nan za ki iya aika masa. Kilishi kam kada ki wahalar da kanki, kwastan ɗinsu ba sa barin nama daga ƙasashenmu ya shiga.

Tambaya: Malam, ni ɗan tsere ne, ina gudun dogon zango a nan Gombe. Mutum irina zai iya shiga wannan wasa har ya wakilci Najeriya?

*Wani matashi, daga Pantami, Gombe*

Amsa: Ƙanena, an taɓa yi. Philip Boit ɗan tseren Kenya ne irinka, aka kai shi Finlan ya koya, ya shiga tseren kilomita 10 a gasar Olamfik ta hunturu a Nagano, ƙasar Japan, a 1998. Shi ya zo na ƙarshe. Wanda ya ci zinaren, Bjørn Dæhlie na Norwe, ya tsaya a bakin layi yana jiran sa har ya iso, ya rungume shi, daga baya Boit ya raɗa wa ɗansa sunan Dæhlie. Najeriya ma ta samu wakili a Beijing a 2022, Samuel Ikpefan, sai dai shi a Faransa ya tashi, dusar ƙanƙara a ƙofar gidansu take.

Huhu da ƙafa kana da su, kuma su ne rabin aikin. Sauran rabin, wato tsayuwa a kan ƙafa ɗaya alhali tana sulɓi, da ƙarfin kafaɗa da damtse, sai an yi shekaru a kan dusar. Da bazara 'yan wasan can suna atisaye a kan kwalta da wasu gajerun katakai masu taya gaba da baya. Kana iya samo su, amma ka sani ba su da birki, kuma ɗan tsakuwa ɗaya ya isa ya kifar da kai. Ban ga titin da zan ba ka shawarar gwada su a kai ba tsakanin Pantami da Tashar Dukku, ga ramuka ga Keke Napep. In da gaske kake, hanyar da na sani ita ce ta ɗan Hajiyar Jahun: ka dage da karatu, ka nemi gurbi a Norwe ko Suwidin ko Finlan, ranar Lahadin farko da dusa ta sauka ka je aron katako.