Me Masu Zanen Fuska Ke Ɗauka Daga Sassaƙar Tsohuwar Masar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, ina zanen fuskokin mutane da fensir da gawayi. Kwanan nan ina yawan ganin zane-zanen mata masu dogon wuya da doguwar hula, ana cewa daga sassaƙar tsohuwar Masar aka ɗauko salon. Shin wannan ba kwaikwayo ba ne kawai?
Wata mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Galibin abin da kike gani tushensa ɗaya ne, wato mutum-mutumin kan Sarauniya Nefertiti, wanda Jamusawa ƙarƙashin Ludwig Borchardt suka tono a Amarna, wani tsohon birnin Masar, a 1912, cikin kangon wurin aikin masassaƙi Thutmose, yanzu kuma yana gidan tarihin Neues a Balin. Idan kika ƙura masa ido za ki ga wuyan ya miƙo gaba, nauyin hular ya rinjaya baya, su biyun suka daidaita juna, idon hagu kuwa babu ƙwaya a cikinsa.

Wannan daidaito ba da ka aka same shi ba. Masarawan dā sukan ja layukan awo a tsaye da a kwance, su raba wurin gida-gida, kafin su fara aiki, kuma a mafi yawan zamaninsu mutumin da ke tsaye gida 18 ne daga tafin ƙafa zuwa inda gashi ya fara a goshi.

Wanda ya ɗora wa kowace fuska hular Nefertiti da kwalli ya tsaya nan, a ganina ado kawai ya yi, kuma irinsu sun yi yawa. Amma a 1993 Fred Wilson, wani mai fasaha ɗan Amurka, ya jera kwafin kan nan guda biyar, launinsu daga fari har zuwa baƙi ƙirin, don ya tilasta wa mai kallo tambayar kansa wace fata ya saba ba sarauniyar. Lorraine O'Grady, wata mai fasaha 'yar Amurka, ita kuma hotunan yayarta ta ajiye gefen na Nefertiti, sai kamannin dangi suka bayyana. Waɗannan ba za a ce da su masu kwaikwayo ba.

Shawarata, ki zaunar da mahaifiyarki da ɗaurin ɗankwalinta, ki zana ta daga gefe, ki auna tsayin ɗaurin da na wuya kafin ki taɓa ido. Sannan ki leƙa gidan tarihi da ke titin Ali Akilu a Kaduna ki duba kawunan Nok na yumɓu, masu ido mai kusurwa uku da ƙwaya a huje, ki gwada awonsu da na Masar.