Amsoshin Likita: Naman Talo-talo da Lafiyar Iyali a Lokacin Hutu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Ya'yana da jikokina za su taru a gidana lokacin hutu, kuma na sayi daskararren talo-talo mai nauyin kilo 6. An shawarce ni in fito da shi ya kwana a kicin domin ƙanƙarar ta narke kafin gari ya waye. Shin akwai illa a cikin haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Akwai illa ƙwarai, kuma ina roƙonki kada ki yi haka. Talo-talo tsuntsu ne mai kauri, saboda haka fatarsa da naman da ke kusa da ita sukan yi ɗumi tun cikinsa yana daskare, kuma a wannan ɗumin ne ƙwayoyin cuta irin su Salmonella suke hayayyafa. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, yawansu yana iya ninkawa cikin minti 20 kacal. Ki lissafa abin da dare guda zai haifar.

A cikin firji ya kamata ya narke, kuma kowane kilo 2 yana buƙatar kusan awa 24, wato naki zai ɗauki kwana uku. Ki sa shi a babban faranti mai zurfi, a can ƙasan firjin, don kada ruwan jikinsa ya ɗiga a kan abincin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba. Idan lokaci ya ƙure miki, ki bar shi cikin ledar da ba ta yoyo, ki nutsa shi a ruwan sanyi, kina canza ruwan duk bayan minti 30. Wannan zai ci kamar awa 6 zuwa 7, kuma da zarar ya narke sai a ɗora shi a wuta nan take. A ganina, shirin wannan walima yana farawa ne daga ranar da za a fito da naman daga firiza, don haka ita za ki fara tsayarwa kafin komai.

Tambaya: Likita, ni ne zan gasa talo-talon bana. Na saba wanke kaza sosai kafin girki, kuma ina gane ta nuna idan naman ya yi fari. Haka zan yi da wannan?

Amsa: Malam, duka biyun suna buƙatar gyara. Wanke ɗanyen naman tsuntsu a ƙarƙashin famfo ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sai dai ya fantsama su a kan kwanuka da tufafi da duk abin da ke kusa. Na san wannan magana takan yi wa mutane nauyi, domin wankewa alamar tsabta ce a idonmu, amma wuta ce kaɗai ke yin wannan aikin. Ka goge damshin jikinsa da takardar goge hannu ka jefar da ita, ka ware masa wuƙarsa da katakon yankansa, sannan ka wanke hannunka da sabulu na tsawon daƙiƙa 20 kafin ka taɓa wani abu.

Launi kuma yana yaudara. Nama yana iya yin fari bai kai zafin da ake buƙata ba, wani kuma ya nuna sarai amma ya riƙe ja-ja a kusa da ƙashi. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ƙayyade digiri 74 a matsayin zafin da cikin naman tsuntsu zai kai kafin a ci. Ka nemi ma'aunin zafin abinci mai tsinke, ka soka shi a wurare uku, wato tsokar ƙirji mafi kauri da cikin cinya da gindin fiffike, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Kada zafin tandar gashin ya gaza digiri 163, kuma kada ka fara gashi yau da niyyar ƙarasawa gobe. Idan kana son cusa masa kayan haɗi a ciki, ya fi aminci ka dafa su daban, domin tsakiyar cikin ne wurin da zafi ke isa a ƙarshe. Bayan ka sauke, ka bar shi ya huta minti 20 kafin yanka.

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon suga da hawan jini. Zai iya cin talo-talo tare da mu, ko in yi masa girki na daban?

Amsa: Zai iya, 'yar'uwa, kuma ban so a ware dattijo a ranar da kowa ya taru. Naman ƙirjin talo-talo, idan an cire fata, kitsensa kaɗan ne kuma ba ya ɗaga suga. Abin lura shi ne gishiri, domin akan sayar da wasu talo-talon da aka riga aka yi musu allurar ruwan gishiri, don haka ki karanta rubutun da ke jikin ledar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ki cika masa rabin faranti da ganyayyaki, kashi ɗaya cikin huɗu nama, sauran kuma abinci mai sitaci, a kauce wa lemon kwalba. Idan yana shan maganin da ke sauke suga ko yana allurar insulin, kada a bar shi da yunwa ana jiran gashi, domin sugansa yana iya faɗuwa.

Tambaya: Gaskiya ne naman talo-talo yana sa barci?

Amsa: Yana ɗauke da sinadarin tiriftofan, wanda ake dangantawa da barci, amma yawansa kusan daidai yake da wanda ke cikin kaza. Cika ciki da abinci mai nauyi da gajiyar hidima su ne ke kawo gyangyaɗin.

Tambaya: Likita, bara mun ci ragowar naman washegari, bayan na ɗumama shi, amma da dare mutum biyar suka kamu da gudawa da murɗawar ciki. Me ya jawo, alhali naman ya dahu sosai?

Amsa: Allah ya ƙara kiyayewa, Hajiya. Ba zan iya yanke hukunci ba tare da gwaji ba, amma bayaninki ya yi kama da aikin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens. Tana da ƙwanso mai jure zafin girki, kuma idan aka bar dafaffen nama ko romonsa yana hucewa a hankali a cikin babbar tukunya, sai ta farfaɗo ta yaɗu. Alamunta sukan bayyana tsakanin awa 6 zuwa 24, yawanci ba tare da zazzaɓi ba, kuma ba ta canza ƙamshin abinci ko ɗanɗanonsa.

Bana, kada naman ya wuce awa 2 a waje bayan an sauke shi, ko awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. Ki zare shi daga ƙashi, ki rarraba a ƙananan mazubai marasa zurfi don ya yi saurin sanyi, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4 ko a mayar firiza. Wajen ɗumamawa, sai ya sake kai digiri 74, romon kuma ya tafasa. Wanda gudawa ta kama ya yawaita shan ruwan gishiri da suga na ORS, amma idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai da ya hana shan ruwa, ko kuma mara lafiyar ƙaramin yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.