Amsa: Fasa-ƙaba iri biyu da na gani, jinsi ɗaya ne ko daban-daban?

Malam, ka ce ka ga wata tana rarrafe a ƙasa da jan kara da ƙananan ganye, wata kuma a tsaye da ganye masu faɗi. Duk fasa-ƙaba ce, wadda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa sunan kimiyya Portulaca oleracea a 1753. Ta bazu kusan duk inda ake da zafi a duniya, kuma siffarta tana sauyawa sosai.

Kada ganye ya ruɗe ka. Wadda ta samu taki da ruwan fadama takan yi ƙiba, ta bakin hanya kuma ta tsumbure, alhali tushensu ɗaya. Shi ya sa masana suka koma kan ƙwayar irin. A 1978 wani masanin tsirrai mai suna Danin da abokan aikinsa suka raba ta gida tara, bisa girman ƙwayar da zanen da ke bayanta: wata santsi, wata ƙuraje-ƙuraje, wata kamar taurari. Ƙwayar nan takan kai milimita ɗaya ko ƙasa da haka, sai da madubin ƙara girma ake ganin bambancin. Daga baya wasu suka mai da rukunan nan jinsuna masu zaman kansu, wasu suka ƙi yarda. Ni ina tare da masu cewa jinsi ɗaya ne, domin furen yakan yi wa kansa barbara, sai kowane dangi ya riƙe kamanninsa, ya zama kamar wani abu daban.

Mai tsayuwar nan wataƙila 'yar rukunin da ake kira sativa ce, wadda ake nomawa don ci. Ka tara busasshen irin kowacce daban a takarda, ka kai sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa a duba maka.