Shin lokaci da sararin samaniya za su taɓa ƙarewa?

Ɗan'uwa, ka ce kana kwance a tsakar gida da dare a ƙauyenku na wajen Ringim, kana kallon Kaza da 'Ya'yanta, sai ka yi tunanin ko wata rana lokaci da sararin samaniya za su ƙare. Tun daga nazarin Albert Einstein na 1915, masana kimiyya suna ɗaukar su biyun a matsayin abu guda, don haka makomarsu ɗaya ce.

A lissafinsu, sararin ya fara ne kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa tarin taurari masu nisa suna ƙara nisantar mu, wato sararin yana faɗaɗa, sannan a 1998 aka gano cewa saurin wannan faɗaɗar ƙaruwa yake yi. Idan haka ta ɗore, taurari za su ƙone makamashinsu ɗaya bayan ɗaya, zafi ya bazu daidai a ko'ina, kamar garwashin murhu da aka bari har asuba, ya huce ya zama toka. A wannan hali lokaci bai tsaya ba, sai dai babu sauran abin da zai faru har a auna lokacin da shi, kuma a ganina wannan ne hasashen da hujjoji suka fi goya wa baya. Wasu masanan suna hasashen sararin zai koma ya dunƙule, wasu kuma suna ganin zai yage.

Ranarmu kuwa tana da sauran kimanin shekara biliyan 5. Batun tashin ƙiyama fanni ne na malaman addini, na'urar hangen nesa ba ta auna shi.