Matakalar ƙarfe ta hawa mota, ga abin da ya same ni

Salam ɗan'uwa. Ka ce kana so mai walda ya haɗa maka matakalar ƙarfe da mota za ta hau ka riƙa yin juye a gida, kana tambayar wane ƙarfe za ka saya. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don ni ma haka na fara.

Camry ce da ni, na gaji da zaman jira a gareji saboda juyen mai kawai. Na kai wa wani mai walda aikin nan wajen Pantami, na ba shi kuɗin angul mai kauri, wato ƙarfen nan mai kusurwa kamar harafin L, ashe bawan Allah siririn da ake taga da shi ya saya, ya ɗiɗɗiga walda nan da can ya shafe da baƙin fenti. Ranar wata Asabar na hau da motar, na shiga ƙarƙashi na kwance noti mai na zuba, sai na ji ƙas ta hagu, na ɗauka tsakuwa ce. Yarona ne ya kira ni in karɓi waya, na fito ke nan ko miƙewa ban gama ba ƙafar matakalar ta lanƙwashe, motar ta zauna daidai inda ƙirjina yake, robar da na tara ta fashe. Uwargida ta fito ba ko mayafi tana salati, ni kuwa na fi awa a zaune hannuna na rawa. Da na koma wajen mai waldar ko sannu bai ce ba, wai ni ne na hau da gudu. Wane gudu a tsakar gida? Har yau in na bi ta layin sai raina ya ɓaci.

Don Allah ka je kasuwa da kanka. Angul mai faɗin inci 2, kauri milimita 5, kar ka yarda da rodin gini ko bututun kujera. Kuma ka tsaya a kansa yana walda, ya ja ta dogo a kowane mahaɗi da ilaktirod, wato sandar walda, mai kaurin geji 10, ya kankare dattin ka gani da idonka kafin fenti. Ƙafafun a sa musu ƙarfe a karkace ya yi kusurwa uku, rashinsa ne ya kusa kashe ni.

Irin motocinmu nauyin a gaba yake saboda inji, Camry ta kai tan ɗaya da rabi, kusan kashi 60 na kan tayoyin gaba. In Sienna ce ko Hilux lissafin daban ne, suna kai tan 2. Tsayi kar ya wuce santimita 25, gangaren kuma a ja shi ya wuce mita ɗaya in ba haka ba bamba za ta tokare. Faɗi kamar santimita 30, a ƙarshe a sa ƙarfen da zai tare taya kar ka zarce.

Ka san yashin Gombe, kar ka kafa matakalar a ƙasa, gefe ɗaya zai nutse. Siminti mai lebur, ka ja birkin hannu, ka sa katako bayan tayoyin baya. Bulo kuwa kar ma ka fara tallafe mota da shi, farfashewa yake ba sanarwa. Ni yanzu duk da sabuwar da aka yi min sai na tura guntun icce mai kauri ƙarƙashin motar, kuma ba na shiga in ba kowa a gida.

Wace mota ce taka? Faɗa mana kafin ka sayi ƙarfen.