Kada ka taɓa init ɗin sabar da take aiki

Ka tambaye ni ko ka cire systemd, init ɗin zamani na Linux, daga sabar da aka damƙa maka ka koma tsohon init mai suna SysVinit, wai don ka ga ana ta zaginsa a intanet. Ban cika amsa irin wannan tambaya ba, amma taka ta fama min tsohon miki, don haka buɗe kunne, yaro.

Ba zan tsaya koya maka menene init ba. Wanda ya zauna a ƙarƙashina bai san shi ne abin da kanel, wato zuciyar Linux, ke fara tayarwa ba, mai lamba 1, wanda ke tayar da sauran hidimomin injin, to ya nemi wata sana'a tun da wuri. Amsarka a taƙaice: kada ka taɓa. Ga dalili.

A 2015, bayan fitowar Debian 8, wani nau'in Linux, wadda ake kira Jessie, a watan Afrilu, ina kula da sabar wani kamfani. Duk cinikinsu ta kanta yake bi, tana kulle a ofishinsu, ni kuma daga nesa nake shiga ta SSH. Mai kamfanin ya matsa lamba sai an ɗaga ta daga Wheezy, wato Debian 7, zuwa Jessie. Na nemi abu biyu: injin gwaji, da mutum mai makulli da zai kwana kusa a daren aikin. Ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, ai shi gwani ya ɗauka. Na ce to, amma kada wanda ya kusanci injin har in gama. Ya yi min alkawari.

Na san Jessie ta zo da systemd, kuma na karanta gargaɗin da Debian ta rubuta a takardar sakin, cewa sabon tsarin ba ya wasa da diskin da ya ƙi hawa, wato ya ƙi haɗuwa da tsarin, lokacin tashi. Da rana na bi fayil ɗin fstab, jerin diskokin da injin ke haɗawa in zai tashi, layi bayan layi. Akwai wani diskin waje da ake zuba kwafin bayanai a kansa kowane dare, yana nan a jone, lafiya lau. Da gangan ban sa masa nofail ba, wato alamar da ke ce wa injin ya tashi ko babu diskin, domin in diskin ya ɓace injin ya tashi abinsa, kwafin dare zai zube kan babban diski ya cika shi, shi ke nan rumbun bayanai ya tsaya. Wannan shawara ce ta wanda ya san aikinsa, ko yau ita zan sake yankewa.

Ashe da yamma wani ɗan'uwan mai kamfanin, wanda suke kira mai kula da kwamfutocinsu, ya shiga ya zare diskin zai kwafi wasu abubuwansa, ya jefa a jaka ya tafi gida. Babu wanda ya ce min uffan. Da dare na gama ɗagawa, na ba injin umarnin sake tashi, na zauna ina jira. Shiru. Na ƙwanƙwasa ta SSH, shiru.

Abin da ya faru a ɗakin can, inda babu kowa, shi ne wannan. A tsohon init, tunda lambar ƙarshe a layin diskin cikin fstab sifili ce, ba za a bincika diskin ba, umarnin hawa zai yi ƙorafi layi ɗaya a allo, injin ya wuce. Shi kuwa systemd ya jira diskin daƙiƙa 90, bai gan shi ba, ya ce ba zai ci gaba ba, ya faɗa yanayin gaggawa yana neman kalmar sirrin root, babban mai iko a injin, a kan allon da ke gabansa. Hanyar sadarwa ba ta tashi ba, balle SSH. Gyaran bai kai minti ɗaya ba ga wanda ke tsaye gaban injin. Mai makulli kuma ya yi tafiya, waya a kashe. Haka sabar ta kwana ta wuni har aka shiga sabon mako, ciniki a tsaye cik.

Da aka buɗe ofis na fito masa da rajistar kanel, na ɗora yatsa kan layin da ya nuna an zare diski a USB, da sa'a da minti, tun kafin in fara aiki. Ya dube ni ya ce shi ba ya karanta irin wannan rubutu, abin da ya sani na taɓa injin ya mutu. Ya riƙe kuɗin aikina gaba ɗaya, har da na watannin baya da bai biya ba, ya bi abokan kasuwancinsa yana cewa na kashe masa saba. Kwangilar kuma ya miƙa wa wanda ya zare diskin. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuɗin na haƙura da su, sunana da ya ɓata ne ban yafe ba.

Ka lura, ban ce systemd ne ya cuce ni ba. Mutum ne ya cuce ni. Abin da nake so ya shiga kanka shi ne canza init ba kamar canza manhaja ɗaya ba ne. Injin da ya daɗe yana aiki ya jingina da ɗabi'u da yawa waɗanda ba wanda ya rubuta su, sai ranar da aka canza suke bayyana. Kuma komawa baya da kake son yi haɗarinsa ɗaya da zuwa gaba.

Ku yaran yanzu kun tsinci faɗan ne a ƙarshensa, kuna ɗaukar ɓangare kamar masu kallon ƙwallo. Mu mun gan shi da zafinsa. Lennart Poettering na kamfanin Red Hat da Kay Sievers suka fito da systemd a 2010, cikin nau'o'in Linux Fedora 15 ta ɗauka a 2011, Arch ta bi a 2012. Da aka zo Debian, kwamitin fasaharta ya rabu huɗu da huɗu a Fabrairun 2014 tsakanin systemd da Upstart, init ɗin kamfanin Canonical mai Ubuntu, sai shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya raba gardama da ƙuri'arsa. Ubuntu ma ta ajiye Upstart ɗinta ta bi sahu a siga ta 15.04, a 2015. Kafin shekarar 2014 ta ƙare Joey Hess ya bar Debian, Ian Jackson ya sauka daga kwamitin, wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan, wato Debian ba tare da systemd ba, wadda sai 2017 ta fitar da sigarta ta farko tabbatacciya. Manyan mutane ne da suka ba aikin shekarunsu, kowane ɓangare da hujjarsa. Ba irinku ba da ke kwafo umarni daga bidiyo ku liƙa ba ku san me zai yi ba.

Ra'ayina kuwa, systemd ya magance ciwo na gaske. Wanda ya taɓa farautar hidimar da ta mutu ta bar tsohon fayil ɗin PID mai ɗauke da lambar aikinta, tana cewa tana aiki alhali babu ita, ya san darajar cgroups, inda duk abin da hidima ta haifa yake ɗaure da ita, a kashe su tare. Abin da a da sai ka rubuta dogon rubutun umarni na shell, yanzu layi goma ya ishe ka. Abin da ban so ba shi ne haɗamarsa. Ya haɗiye rajistar abin da ke faruwa a injin ya mai da ita tsarin da sai da umarninsa na journalctl za ka karanta, ya haɗiye shigar masu amfani har GNOME, fuskar da ake aiki a kanta, ta dogara da sashensa mai suna logind, wanda bai so ma aka ja shi. A 2016 siga ta 230 ta systemd ta zo da kashe ayyukan mutum da zarar ya fita, masu barin aiki yana gudana a manhajojin tmux da screen suka yi ca, sai da Debian ta kashe wannan saitin a nata kunshin. Wannan rashin ganin girman masu aiki ne, kuma ban canza magana ba.

In da gaske kana son sanin ɗaya ɓangaren, nemo tsohuwar kwamfuta taka ta kanka. Sa mata Devuan, ko Alpine mai init ɗin OpenRC, ko Void mai init ɗin runit, daga tushe. Rubuta wa hidima ɗaya rubutun tashi da hannunka, ka kashe ta da ƙarfi ka ga wa zai tayar da ita. Bayan nan sai ka zo mu yi gardama, zan saurare ka.

Sabar mutane kuma ka bar ta yadda Debian ta kawo ta. Gobe ka zo min da fstab ɗinta a buga a takarda, da jerin hidimomin da ke tashi da ita, ka faɗa min aikin kowace ɗaya ba tare da duba waya ba. Sannan ka tambayi mai injin wa ke riƙe da makullin ɗakin a ƙarshen mako, ka karɓi amsar a rubuce.