Hoton ƙwaƙwalwa lokacin magana: har ina za a yarda da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena na fama da farfaɗiya, mun kai shi ƙasar waje za a yi masa tiyata. Sau biyu aka yi masa hoton fMRI don a gano inda magana take a ƙwaƙwalwarsa, hotunan kuma ba su zo iri ɗaya ba. Da Turanci aka gwada shi, alhali da Fulatanci da Hausa ya tashi. Mu dogara da hoton? Daga wata mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Saɓanin hotunan ba ya nufin na'urar ta lalace. Ita na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, jini take bi. Duk sashen ƙwaƙwalwar da ya kama aiki, jini mai iskar oksijin kan ƙaru a wurin, ya kai ƙarshen ƙarfinsa bayan daƙiƙa 4 zuwa 6. Masanin kimiyya Seiji Ogawa ne ya bayyana tushen wannan hanya a 1990. Jan launi da rawayan da kika gani lissafi ne kwamfuta ta ɗora a kan hoton, kuma da mai lissafin zai ɗan sassauta ma'auni, launin ya bazu.

Lokacin ɗaukar hoton, mutum yana kwance cikin ƙarar injin, an ce ya kawo kalmomi a zuci. In ya motsa kai ko kaɗan, ko maganin farfaɗiya ya sa shi gyangyaɗi, ko hankalinsa ya tafi gida, hoton ya canja. A 2020 Maxwell Elliott da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka sun tattara gwaje-gwaje 90 na ayyukan tunani iri-iri da aka maimaita wa mutane, suka ga daidaiton bai wuce kimanin 0.4 ba, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito.

Amma kada wannan ya karya miki gwiwa. Wajen gano ɓangaren da magana ta fi zama, hagu ko dama, hoton ya fi tsayuwa. Kusan 95 cikin 100 na masu aiki da hannun dama a hagu maganarsu take. Masu farfaɗiya tun yarinta ne tasu kan karkata wani wajen, shi ya sa ake dubawa. Inda hoton yake da rauni shi ne nuna takamaiman wurin da za a yanka ko a bari.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne Turancin. Wanda ake gwadawa da harshen da yake kokawa da shi, sassan da ke aikin maida hankali ma sukan kunnu, har a ɓangarori biyu, sai wahalarsa ta fito a hoton kamar magana ce. Ki roƙa a maimaita da Hausa ko Fulatanci, a samo tafinta, a kuma yi masa atisaye kafin ya shiga.

Likitocin tiyata ba sa tsayawa kan hoton kaɗai in akwai shakka. Akwai gwajin Wada, wanda Juhn Wada ya fito da shi a 1949: a sa wa ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa maganin barci ta jijiyar wuya, a ga ko magana ta ɗauke. Akwai kuma taɓa ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki mutum na farke yana faɗin sunayen abubuwa. Ki tambaye su wanne za su yi masa, kuma ki nemi a gwada duk harsunan da yake ji.